Laraba: ni da wani aisi mai ƙafa uku

Ko lazimin asuba ban gama ba Kawu ya kira daga Rigasa, "kai ɗan nan abun naka ya sake sumewa, bai turo saƙo ba har tanki ya malale tsakar gida." Nace Allah ya huci zuciyarka Kawu gani nan tafe. Karo na huɗu kenan a watan nan, wlh har kunyar ɗaga wayarsa nakeji.

Abun ba wani babba bane, ESP32 ne, wato ƙaramin bod na kwamfuta mai Wi-Fi, na haɗa masa da batir 18650 ɗaya da ƙaramin fanel na sola, yana auna ruwan tanki ya turo saƙo waya. Sati biyu ina zargin kod ɗina, na goge na sake rubutawa har na gaji, ashe ba ruwan kod. Yau dana tsuguna da mita a gindin tankin na gani da idona: cikin dare batir ya zube, da rana ta fara leƙowa layin bolt 3.3 da ke ba ESP ɗin wuta baya tashi lokaci ɗaya, rarrafe yakeyi, 2.1, 2.3, 2.6, shi kuma ESP ɗin sai ya yunƙura ya tashi da rabin ƙarfi ya maƙale a hanya, ko wutar ta cika daga baya bazai dawo hayyacinsa ba sai an cire batir an mayar. Alhali takardarsa ta faɗa ƙarara, 3.0 zuwa 3.6 yakeso, nine ban karanta da kyau ba.

Na kwance shi na hau keke napep zuwa Panteka wajen abokina, don namu layin tun jiya ba wuta kuma shi yana da janareta. A jakata akwai MAX809, wani ɗan aisi (IC) mai ƙafa uku, guda goma dana yo oda tun bara na manta dasu. Aikinsa ɗaya tal, gadi. Ƙafa ɗaya wuta, ɗaya ƙasa (wato negatif), ta ukun taje EN, ƙafar da ke kunna ESP ɗin ko ta kashe shi. In wuta ta sauka ƙasa da iyakarsa sai ya danne EN, in ta haura ma bazai saki nan take ba sai ya ƙara jira aƙalla milisakan 140 ya tabbatar ba yaudara bace. Harafin da ke bayan lambar 809 ɗin ke nuna iyakar, T 3.08, S 2.93, L kuma 4.63 na masu layin bolt 5 ne. Allah ya taimake ni nawa T ne, da S ne zai saki yaron tun wuta bata kai 3.0 ba.

Liƙa shi ne tashin hankali, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na farko ya fille daga hantsaki ya faɗa cikin ƙasa, muka nema muka haƙura, abokina sai dariya yake wai injiniya da makanta. Na biyu ya zauna. Abokin nawa ne ya tunamin ma da maɓallin riset na jikin bod ɗin, 809 da kansa yake tura wuta sama, in aka danna maɓallin an haɗa fitarsa da ƙasa kai tsaye kenan. MAX803, ɗan'uwansa da baya tura wuta sama da kansa, ya kamata na saya tun farko sha, amma na saka rizista 1k a tsakani, shikenan.

Gwajin ne ya min daɗi. Muka jona shi a injin bada wuta ina murɗawa a hankali kamar fitowar rana, shiru shiru, yana haura 3.1 sai ga shi ya tashi garau. Sau ashirin na maimaita don mugunta. Matsala ɗaya, da Wi-Fi ya kama sai wutar ta ɗan nutse mai gadi ya sake danne shi, tunda tsakanin 3.3 da 3.08 ba wani fili. Kafasita 470 maikro a bakin bod ta kashe wannan.

Bayan la'asar na mayar dashi Rigasa, Goggo ta cika ni da ɗanwake. Kawu ya juya akwatin ya duba ya duba yace shi baiga abunda na ƙara ba, na nuna masa da tsinke, yace "wannan ɗan ƙwaron?" Na roƙe shi gobe kar kowa ya taɓa batir ɗin ko me ya faru, inaso rana ta tashe shi da kanta. Wayata dai na cire ta daga sailen.