Bayan labarin farko, kada girman littafi ya ruɗe ku

Ƙannena da kuka fara jan wasan Dungeons & Dragons, wasan nan da mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma su zama jaruman cikinsa, kullum tambayarku ɗaya ce: mun gama labarin farko, wanne za mu ɗauka? Bari in ba ku labarin yadda na yi tawa ɓarnar.

Mu biyar ne, muna haɗuwa a zauren gidanmu a Gwale duk Asabar bayan Isha'i. Na ja musu Lost Mine of Phandelver, ɗan littafin nan mai shafi 64 da ya zo cikin akwatin masu koyo a 2014, wanda ke kai jarumai daga matakin ƙarfi na 1 zuwa na 5. Komai ya tafi sumul, sai kaina ya kumbura. Na roƙi Yaya da ke Ingila ya aiko mini da Storm King's Thunder na 2016, labarin samudawa, shafi 256. Ina da hujjata: littafin da kansa ya nuna yadda za a shigo da jaruman Phandelver, kuma garin Triboar da ke cikinsa ba shi da nisa da Phandalin, garin da ke cikin labarin farko.

Abin da ban duba ba shi ne babi na uku. A nan littafin yake buɗe wa 'yan wasa ƙasa guda, wurare sama da ɗari, su nufi inda suka ga dama. Ni kuwa wurare uku na karanta.

Daren nan ba zan manta da shi ba. An ɗauke wuta, muna haska taswira da tocilar waya. Abokina mai gyaran waya a Farm Centre ya ɗora yatsa kan wani gari can sama, ya ce, "Nan za mu." Ban taɓa ko jin sunan garin ba. Na yi ta buɗe shafi ina gumi har shayi ya huce a kofuna, dayis mai fuska 20 yana kwance kan tabarma ba wanda ya taɓa shi. Can ya ce, "Malam, in ba ka shirya ba ka faɗa, mu je mu ci balangu." Aka yi dariya, ni ban yi ba. Kafin wata biyu, mutum biyu suka rage.

Laifin ba na littafin ba ne. Ban tambayi kowa abin da ya fi masa daɗi a labarin farko ba, alhali amsar tana gabana. Mutanena ba kogon da ke cikin labarin ya dame su ba, garin suke so. Ɗaya ya taɓa cinye rabin awa yana taya igiya da fitila a shagon Phandalin kamar a Kantin Kwari yake, sauran na zuga shi. Da na kula, da Dragon of Icespire Peak na 2019 na ɗauko: shi ma a garin Phandalin yake, ayyuka ƙanana ake liƙawa a allon sanarwa, kowanne dare ɗaya ko biyu ya ishe shi. Sai dai daga mataki na 1 yake farawa, don haka ko ku yi sababbin jarumai, ko ku ƙara wa dodannin ƙarfi.

Sannan ku ƙirga lokacinku tsakani da Allah. Awa nawa za ku samu ku yi karatu a mako? Dogon labari yana iya cin shekara, ga azumi, ga jarrabawa, ga wanda za a tura bautar ƙasa. Curse of Strahd kuwa, da kowa ke yabo, labarin mai shan jini ne da tsafi. Ku ji ta bakin abokanku tukuna, musamman in a zaure kuke, inda Baba zai iya giftawa.

Ni dai daga baya na mayar da su Phandalin da labari na shafi ɗaya da na rubuta da biro: an tare ayarin fatake a hanya, mai shago yana neman kayansa. Mutum huɗu suka dawo. Babban littafin yana nan cikin akwatina, basamude ɗaya tak na ara daga ciki na ajiye musu a bakin gada.