Takardar da ke aljihun ƙofar direba

Ranar da na fara aiki a ofishin, matar da ke shugabantar ƙungiyar ta ajiye mini kwalayen takalmi guda biyu a kan tebur. Ɗaya cike da rasit na mai, ɗaya cike da takardun da direbobi ke cikewa duk ranar da suka fita da mota. Wasu shayi ya zube musu, wasu sun yamutse kamar an ƙunshe ƙosai a ciki. Ta ce kuɗin da gwamnati za ta ba mu yana cikin kwalayen nan, aikina shi ne in tono shi.

Ƙungiyar ƙarama ce, a wani gari na yankin Yokshaya da ke arewacin Ingila. Motocinmu biyar, kowacce mai kujera 16, da na'urar ɗaga keken guragu a baya. Yawancin direbobin dattawa ne da suka yi ritaya, suna tuƙi na sa-kai ba a biyansu ko sisi. Su ke zuwa har ƙofar gida su ɗauki tsohuwar da ƙafa ta gaza, su kai ta asibiti ko kasuwa, su dawo da ita. Ba mu neman riba, doka ma ba ta yarda ba. Izinin da muke aiki da shi yana ƙarƙashin sashe na 19 na dokar sufuri ta 1985, wanda ya ba ƙungiyoyi irin namu damar karɓar kuɗin mota daga mutanen da muke yi wa hidima, ban da tsayawa bakin titi muna lodin kowa da kowa. Masu son bin hanya tsayayya su ɗauki duk wanda ya tsayar da su, nasu izinin na sashe na 22 ne.

Waccan doka ta 1985 ita ce tushen kasancewarmu. Daga Oktoban 1986 aka sakar wa kamfanoni masu zaman kansu harkar bas a wajen Landan, kowa ya zaɓi hanyar da yake ganin za ta kawo masa kuɗi. Manya irin su Stagecoach da First da Arriva suka bunƙasa. Hanyar da ba ta da ciniki kuwa, sai in ƙaramar hukuma ta biya wani ya bi ta, in ba ta da kuɗi ƙauyen ya zauna haka nan. A wannan gibin muke.

Na zo da fahimtar da na taso da ita game da kalmar tallafi: abu ne da ake rabawa, kuma sai kana da wani a sama kafin ya iso gare ka. Wannan da na tarar daban ne. Sunansa BSOG a taƙaice, wato tallafin masu gudanar da motocin bas, Ma'aikatar Sufuri ke biya, kuma a gaskiya ramuwa ce. Ka sayi mai, ka biya harajin da ke kan kowace lita, ka yi jigilar da doka ta amince da ita, sannan a mayar maka da wani kaso. Asalinsa tun 1965, lokacin yana matsayin rangwamen harajin mai ga kamfanonin bas. A 2002 aka sauya masa suna, aka kuma buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin al'umma. A shekarun da na yi a kan teburin nan, kowace litar dizal tana dawo da kwabo 34.57, kwabon Ingila wanda ɗari ke yin fam guda. Lita dubu ke nan fam 345 da 'yan kai. Ga babban kamfani mai motoci dubbai wannan miliyoyi ne. Gare mu kuɗin taya ne da birki da inshora, kuma in babu shi sai mun ƙara wa tsofaffin nan kuɗin mota.

Lissafin a baki mai sauƙi ne. Ka san jimlar man da ka sha, ka san jimlar tafiyar da motoci suka yi, ka ware tafiyar da ta cancanta. A ɓangarenmu, tafiyar da ta cancanta ita ce wadda yawancin fasinjojinta 'yan shekara 60 ne zuwa sama, ko masu naƙasa, ko wasu rukunin mabuƙata da doka ta ambata. In ƙungiyar 'yan ƙwallo ta ɗauki motar haya ranar Asabar, wannan ba ya ciki. Agogon motocinmu da mil yake ƙirge, fom ɗin kuma kilomita yake so, don haka kowane adadi sai an ninka shi da 1.609.

Kuskurena na farko babba ne, kuma nawa ne ni kaɗai. Na ɗauka duk takardar da ke da kwanan wata da adadin mil ta wadatar. Na tara, na haɗa, na kai wa akantan da ke duba mana littattafai. Ya zauna da kwalayen yini guda, ya ware tarin takardu gefe, ya ce ba zai iya tsaya wa waɗannan ba. Direba ya rubuta inda ya je, amma bai rubuta su wa ya ɗauka ba. Wasu kuma an rubuta mil na fita, ba a rubuta na dawowa ba. An yi tafiyar, an sha man, tsofaffin sun je asibitinsu sun dawo, amma babu abin da ke tabbatar da hakan a rubuce. Muka cire kusan aikin wata biyu na mota ɗaya daga abin da muka nema. Da na ga adadin sai da cikina ya ɗuri ruwa, domin na san ƙoƙarin da aka yi kafin a tara irinsa ta hanyar sayar da shayi da kek a zauren coci.

Abin da na fara yi shi ne ɗora laifi a kan direbobi. Na buga sanarwa da manyan baƙaƙe na manna a ɗakin da suke shan shayi. Ba abin da ya canza. Bayan mako biyu ɗaya daga cikinsu, dattijo mai kusan shekara saba'in da ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar mota, ya leƙo ofis ya ce in ina da hali in bi shi gobe.

Na bi shi. Ƙarfe takwas da rabi muna ƙofar wani gida, ana yayyafi mai sanyin da ke shiga ƙashi. Ya sauka, ya ƙwanƙwasa, ya jira. Matar ta ɗauki minti shida kafin ta iso ƙofa da sandarta. Ya karɓi jakarta, ya duba ko ta kulle gida, ya riƙe mata gwiwar hannu har kujera, ya ɗaura mata bel. Gida na uku mai keke ne: ya sauke na'urar, ya tura keken, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen daɓen mota yana ɗaure ƙafafun keken da madauri huɗu, yana jan kowanne don ya tabbatar ya kama. Da ya dawo mazauninsa yatsunsa sun sandare. Takardata tana nan a aljihun ƙofa, mai layi goma sha huɗu da ƙananan akwatuna, rubutun da sai ya saka tabarau zai gani. Bai ce mini komai a kanta ba har muka gama. Ni ma ban tambaya ba.

A daren na kira kawuna a Kano, wanda ya yi shekaru yana jan bas daga tashar Unguwa Uku. Ina ba shi labari ya katse ni.

"To ɗana, wa ka sani a ma'aikatar da har suke ba ku?"

"Kawu, ba kowa. Rasit kawai suke so da lissafin tafiya."

Ya yi shiru, sannan ya ce in da haka ne a tasharsu babu wanda zai samu. Rabin man a wajen 'yan bumburutu ake saye in layi ya yi tsawo, wa zai ba ka rasit? Sai ya ƙara da abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce amma fa su ma suna da littafi. Ɗan kamasho ya san kowace mota da layinta da lokacin da ta yi lodi, kuma ba direba ke rubutawa ba, don hannun direba yana kan sitiyari.

Washegari na yage sanarwar. Tun da fasinjojinmu suna bugo waya ne su kama kujera tun kafin ranar, ofis ya riga ya san wa zai hau da rukunin da yake ciki. Na mayar da wannan duka kaina. Kowace safiya direba yana karɓar takarda da sunayen a buge, abin da ya rage masa biyu ne: adadin agogo lokacin fita, adadin agogo lokacin dawowa. Mai kuma muka koma sha da katin ƙungiya, lissafin yana zuwa ƙarshen wata a takarda ɗaya.

Wannan ya gyara gidanmu, amma bai gyara abin da ke damuna game da tsarin kansa ba. Tallafin da ke bin lita yana ganin injin ne, ba ya ganin wanda ke zaune a kujera. Minti shidan da dattijon ya tsaya a ƙofar matar nan ba su da gurbi a fom. Mota mai shan mai da yawa ta fi mai tattali samu, abin da ya sa Sukotland ta koma biya bisa kilomita tun 2012, Ingila kuma ta ware kwabo 22 a kowace kilomita ga motocin da ba sa fitar da hayaƙi daga Afrilun 2022. A Afrilun 2012 an zaftare kashi 20 cikin ɗari na tallafin a Ingila, daga kwabo 43.21 zuwa 34.57 a kowace lita, kuma adadin ya tsaya cik shekara da shekaru alhali albashi da kayan gyara suna ta hawa. Ƙayyade kuɗin bas a fam 2 daga Janairun 2023, wanda ya koma fam 3 a Janairun 2025, alheri ne na gaske, amma ga wanda zai iya takawa zuwa bakin titi. Sannan babban kamfani yana da ma'aikata da na'urorin da ke tattara masa lissafi, ƙungiya mai mota ɗaya a ƙauye kuwa ma'ajinta wata tsohuwa ce da ke aikin a teburin kicin. Na san irin waɗannan da suka haƙura da neman kuɗin gaba ɗaya, don wahalar ta fi ƙarfinsu.

Duk da haka ba na raina shi. Lokacin da aka janye tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Kano cikin 'yan kwanaki, na yi ta tunanin kwalayen nan. Wancan tallafin ya bi kowace lita, ta mai jif da ta mai bas, da aka cire shi kuma ya tafi da kowa. Wanda nake cike wa fom ya ware motar da ke ɗaukar jama'a ya bi ta, kuma sharaɗinsa rubutu ne da ake iya dubawa.

Yanzu duk ranar Alhamis da yamma nakan ware awa biyu ga ƙananan ƙungiyoyin da ke kewaye da mu. Suna zuwa da nasu kwalayen, mu zauna mu ware. Makon jiya wata ma'aji ta zo da rasit na shekara guda a cikin gwangwanin biskit, ta ce ba su taɓa nema ba tun da suka sayi motar. Muka baje su a kan tebur wata-wata, na miƙa mata fensir, muka fara daga Afrilu.