'Yan wasan aro a ƙaramar ƙungiya: abin da na gani daga teburin sakatare

Shekarar da ƙungiyarmu ta haura daga gasar NLO, mataki na uku, zuwa NNL, wato mataki na biyu a ƙwallon Najeriya, ni ne sakatare, kuma a hannuna fayil ɗin kowane ɗan wasa yake. Murnar ba ta daɗe ba. Yaran da suka kawo mu wurin 'yan gari ne, wani tela, wani direban adaidaita sahu, wani ɗalibi, da la'asar su haɗu a fili. A NLO sun wadatar. A NNL kuwa za ka tarar da ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi da suka faɗo daga Firimiya da tsofaffin hannunsu, mutanen da suka san yadda ake kashe wasa tun minti na saba'in. Mu kuɗinmu daga aljihun ciyaman yake fitowa, sai ɗan abin da ƙaramar hukuma ta ga dama ta miƙo. Sayen ɗan wasa ba ya cikin lissafi. Aro ne kaɗai ƙofar da ke buɗe.

Na farko da muka aro gola ne. Namu ya karye a yatsa ana saura kwanaki a fara kaka, na biyunsa kuma yaro ne da bai taɓa tsayawa gaban 'yan kallon wani gari ba. Koci ya kira wani tsohon abokinsa a wata ƙungiyar Firimiya, aka ba mu golansu na uku, mutum mai iyali wanda ya gaji da zaman benci. Aka yi magana su biya rabin albashinsa, mu biya rabi da alawus ɗin wasa.

Har yau ban ga aron da ya kai wannan albarka ba. Ba tare ƙwallo kawai ya zo yi ba. Ranar atisayensa na farko ya tsayar da wasa, ya kira 'yan baya huɗu, ya nuna wa kowa inda zai tsaya idan za a bugo kwana, wa ke riƙe turke, wa ke bin dogon ɗan wasan abokan hamayya. A da kowa bin ƙwallo yake yi da ido. Bayan an tashi sai ka gan shi bakin famfo yana wanke safar hannunsa da ruwan sanyi, ya shanya a inuwa, yana gaya wa ƙaramin golanmu cewa rana ce ke cinye robar tafin. Shi ya koya wa yaron yadda ake naɗe yatsu da filasta, da yadda ake yi wa alƙalin wasa magana a filin baƙi ba tare da an karɓi kati ba. Makin da muka tsinto a waje a zagayen farko, kusan duk da hannunsa a ciki.

Da na zauna daga baya ina tunanin me ya sa nasa ya yi kyau, sai na ga abin ba boyayye ba ne. Gurbinsa a buɗe yake, bai ture kowa ba. Yana buƙatar wasa kamar yadda muke buƙatar gola. Kuma ƙungiyarsa ba ta da wata manufa a kansa face ta rage nauyin albashi, don haka ba wanda ke kiran koci a waya yana tambayar me ya sa ba a sa shi ba.

Aro na biyu daban ne, kuma shi ne irin wanda ya fi yawa a ƙananan rukunai yanzu. Wani mai makarantar horar da yara, irin waɗanda ake ce wa akadami, ya zo wurin ciyaman da tayi mai daɗin ji: zai ba mu yara biyar kyauta, shi zai riƙa biyansu, ga riguna saiti biyu, ga ƙwallaye. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam Sakatare, wannan ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama." Yaran kuwa sun iya ƙwallo, ba ƙarya. Biyu daga cikinsu sun fi duk wanda muke da shi taɓa leda.

Sharaɗin da ba a rubuta ba shi ne dole su buga. Mai akadami ba maki yake nema ba, bidiyo yake nema. Duk wasanmu na gida akwai wani saurayi da kyamara a saman tsani, kuma ba wasan yake ɗauka ba, yaransu yake bi. Ɗan gefenmu na hagu, ɗaya daga cikin biyar ɗin, idan ya karɓi ƙwallo sai ya yanke mutum, ya jira shi ya tashi, ya sake yanke shi, ɗan gabanmu na tsaye a cikin yadi na sha takwas yana ɗaga hannu har ya gaji. Ban ga laifin yaron sosai ba. An gaya masa minti uku na yanka a bidiyo ne zai kai shi Turai, ba fasin ɗin da ya ba wani ya ci ba. Amma mu da ke lissafin maki a ƙasan teburi, abin yana ci mana rai. Akwai ranar da aka tafi hutun rabin lokaci, wayar koci ta yi ƙara a aljihunsa, ya duba ya ga mai akadami ne, ya miƙo mini ya ce, "Gaya masa ina aiki." Abin da mutumin ke so shi ne a sa yaronsa da ke benci, domin wai akwai baƙo a cikin 'yan kallo da ya zo ganinsa.

Inda abin ya fi yin ɓarna shi ne ɗakin sauya kaya. Wata biyu yaranmu na bin mu bashin albashi, su kuwa 'yan aro ƙarshen wata na yi wayarsu za ta yi ƙara, kuɗi ya shigo. Mota ɗaya ake shiga, shinkafa ɗaya ake ci a hanya, amma wani na sayen lemo da tsire a tasha, wani na kallon taga. Kyaftin ɗinmu, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya same ni a ofis ya ce, "Oga Sakatare, mu muka sha ranar NLO. Yanzu an zo inda ake ganin mutum, an ce mu koma benci mu tafa wa baƙi. In ƙungiyar nan ta faɗi, su jakarsu za su ɗauka. Mu a garin nan za a riƙa nuna mu." Ban da abin da zan ce masa, domin gaskiya ya faɗa. Wani dattijo cikin magoya bayanmu, wanda ba ya fashin atisaye, kullum in ya gan ni sai ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Nakan tuna masa da golan, ya ce ai wannan daban ne.

Kafin a shiga zagaye na biyu uku daga cikin biyar ɗin sun tafi, wai gwaji a ƙasar waje. Ba sallama, sai saƙon WhatsApp da daddare. Yaranmu da aka ajiye a benci wata da watanni aka dawo ana lallashi, ga shi ƙafarsu ta yi sanyi, zuciyarsu ma haka.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan lissafin ba. Liverpool ta sayi Taiwo Awoniyi a 2015, amma rashin takardar izinin aiki a Ingila ya sa ta yi ta tura shi aro. Ya je FSV Frankfurt a rukuni na biyu na Jamus, ƙungiyar ta faɗi a 2016. Ya je NEC Nijmegen a Holan, ita ma ta faɗi a 2017. Ba shi ya kayar da su ba, yaro ne a lokacin, amma dubi yadda aka rabu: shi ya ci gaba da gogewa har Union Berlin ta saye shi a 2021, daga nan Nottingham Forest, su kuma aka bar su da faɗuwarsu. A ɗaya gefen, Millwall ta aro Harry Kane daga Tottenham a 2012, ƙwallayensa suka taimaka mata ta tsira a rukuni na biyu na Ingila. A gida ma, Ahmed Musa ɗan akadamin GBS ne a Jos, aro ya je ƙungiyar JUTH, aro ya je Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kafin ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Pillars ta ci moriyar ƙwallayen, ta ƙare ta biyu. Wato aro yana iya ɗaga ƙungiya, amma shekara ɗaya ce, kuma wanda ya mallaki yaron shi ke da wuƙa da nama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rauni. Ɗaya daga cikin biyun da suka rage ya murɗe gwiwa a wani fili mai tauri kamar dandamali. Likita ya ce sai an yi hoton MRI kafin a san ko jijiya ce ta tsinke. Mai akadami ya ce a rigarku ya ji ciwo. Ciyaman ya ce ai ba yaronmu ba ne, wanda zai sayar da shi gobe shi ya kamata ya gyara kayansa. Ana wannan ja-in-ja yaron na kwance a gidan 'yan wasa, gwiwa ta kumbura, abokan ɗakinsa na saya masa ƙanƙara a leda daga mai sayar da ruwan sanyi. Da abin ya yi tsawo, wani kawunsa ya zo ya ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Bai sake buga mana ba, ban kuma ji ya buga wa wani ba.

Tun daga nan na daina karɓar aron da aka ƙulla a waya ko a falon Alhaji. Na zauna na karanta dokokin FIFA na aro da suka fara aiki ranar 1 ga Yulin 2022. Dole a yi yarjejeniya a rubuce mai bayyana tsawon lokaci da batun kuɗi. Aro ba ya wuce shekara ɗaya. Wanda ya aro ba shi da ikon ya sake ba wani aro. Ƙungiya ba za ta karɓi fiye da mutum uku daga ƙungiya ɗaya a lokaci guda ba, jimillar aron tsakanin ƙasashe kuma an rage ta daga takwas zuwa bakwai, sannan shida daga 2024. An yi waɗannan ne don aron ƙetare, aka ba hukumomin ƙasashe shekara uku su daidaita nasu na cikin gida, amma ni ban jira kowa ba, na ɗauki na mutum uku ɗin na mai da shi dokar ofishina. A ƙananan rukunan Ingila ma ba a yarda ka sa 'yan aro fiye da biyar cikin jerin 'yan wasan rana ɗaya ba, kuma su da ke da kuɗi ke nan.

Takardar da nake bugawa yanzu shafi biyu ce kacal. Wa ke biyan albashi, kashi nawa, ranar nawa ga wata. Wa ke biyan asibiti idan an ji rauni, har da hoto da tiyata. Ba a janye yaro sai lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa, kuma da sanarwa a rubuce. Koci ne ke fitar da sha ɗayan farko, ba alƙawarin yawan wasa. Wannan na uku, na janyewa, ya shiga ne saboda wani ɗan gaba da muka aro a wata kakar: yana fara cin ƙwallo a jere ƙungiyarsa ta tuna da shi, ta kira shi ana saura wasanni kaɗan, lokacin da muke hangen gurbin Super 8, wato wasannin ƙarshen kaka na neman haurawa Firimiya. Matsalar ɗan gaban aro ke nan. In bai ci ba ka ɓata gurbi, in ya ci an karɓe shi, ko kuma farashinsa ya fi ƙarfinka, alhali a filinka ya yi tsadar.

Akwai kuma wani kuɗi da ƙananan ƙungiyoyinmu ke bari yana wucewa saboda rashin rajista. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna yana ɗan shekara 12 zuwa 23. Daga 12 zuwa 15 kowace shekara tana da kashi 0.25, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. Ƙungiyar da ta riƙe shi aro ma tana da rabon lokacin da ya yi a wurinta. Yaro ɗan shekara 19 ya yi maka kaka cikakkiya, daga baya aka sayar da shi Yuro miliyan ɗaya, kana da Yuro 5,000, kuma duk sanda aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasar za a sake lissafawa. A wurin irinmu wannan kuɗin mota da masauki ne na tafiye-tafiye da yawa. Amma tun da FIFA ta buɗe ofishin biyan irin waɗannan kuɗaɗe a Paris a 2022, abin da ke rubuce a tarihin rajistar ɗan wasa shi ake bi. In sunan ƙungiyarka bai fito a ciki ba, ko duk garin ya shaida ya buga maka, ba ka da ko sisi. Shi ya sa wasu masu akadami ke son a sa yaro a fili amma a bar maganar takarda "sai an ga yadda ta yiwu". Ni kuwa sai an shigar da aron a rajista nake ba da riga.

Kakar da ta wuce wata babbar ƙungiya ta yi mana tayin ɗan tsakiya, yaro mai kyau, koci na so ƙwarai. Na tura musu takardarmu, na ƙara layi ɗaya: in mun so riƙe shi a ƙarshen kaka, ga farashin da za mu biya, a rubuta tun yanzu. Sakatarensu ya kira ni yana dariya, ya ce, "Haba Malam, ku da ake taimaka wa, ku ne da kafa sharaɗi?" Na ce masa taimakon ai na juna ne, yaronku benci yake ɗumamawa. Suka yarda da batun asibiti da na janyewa, suka ƙi na farashi. Koci ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata yadda ya saba. Ciyaman ya goyi bayana, ba don ya gamsu ba, sai don rabin albashin da suka ce mu biya ya yi masa yawa. Gurbin muka ba wani yaro daga ƙungiyar unguwa, ɗan shekara 18, muka sa masa hannu a kwantiragin shekara uku. Bai kai wancan iya ƙwallo ba tukuna, kuma akwai wasanni biyu da na tabbata da ɗan aron ne a fili da ba mu yi canjaras ba.