Wasiƙa daga Cape Town: titin da gidajensa suka tafi suka bar shi

Assalamu alaikum jama'ar gida, ya sanyi ya ƙura? Na san yanzu hunturu ya fara ja da baya a wajenku, mu kuwa a nan Cape Town ta Afirka ta Kudu tsakiyar zafi muke, komai nasu a juye yake, ga wata iska da take tasowa daga kudu maso gabas wadda in ta ga dama sai ta cire maka hula ta kai ta unguwar gaba, sai da na yi asarar hula biyu sannan na yi hankali.

Tunda na zo garin nan duk wanda ya ji inda nake sai ya turo min hoton gadar saman nan da ta tsaya cak a iska kusa da tashar jirgin ruwa, wai da gaske ne ko haɗi ne? Da gaske ne, tun 1977 aka dakatar da aikin kuma har yau tana nan ba ta haɗu da komai ba, 'yan fim na hawa su yi ɗauka, lokacin kofin duniya na 2010 har wata ƙatuwar vuvuzela aka ɗora mata. Amma mu da muka saba ganin aikin da aka bari rabi me gada za ta nuna mana. Abin da ya tsaya min a rai wani ɗan titi ne da ba kowa ke ɗaukar hotonsa ba.

Wata Juma'a ce na fito daga masallacin Al-Azhar da ke titin Aspeling, na ce bari in yanke ta cikin fili in hau sama in ga gari. Fili ne makeke a gangaren dutse, ciyawa ta bushe ta yi ja, daga nan kana hango dogayen benayen tsakiyar gari da teku kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ina cikin tafiya sai na ji ƙasan takalmina ya canza, na duba sai ga duwatsu an jera su ɗaya bayan ɗaya sun yi sumul saboda taku, ga bakin titi na dutse a gefe, hanya ce sosai ta miƙe ta yi sama, amma dama ba gida hagu ba gida. Ba ƙofa ba katanga, sai ciyawa da fasassun bulo da 'yan tantunan leda na marasa matsuguni can gefe. Titi ne ya hau gangare ya je ya ƙare a cikin ciyawa shikenan. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don ko a ƙauye ka ga turba ka san akwai inda za ta kai ka.

Wani dattijo da muke yawan haɗuwa a sahu shi ya warware min, a nan in za ka kira babba namiji da girmamawa Boeta ake cewa, kamar dai mu ce Yaya. Da na ba shi labari sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce ai titin Horstley ka taka, nan District Six ne, Gunduma ta Shida, nan aka haife ni. A ranar na gane abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, wato yadda masallacin ke cika maƙil ran Juma'a motoci har kan hanya alhali gidajen kusa ba su kai su cika shi haka ba. Ashe da yawansu daga nesa suke tahowa, masallacin iyayensu ne, unguwar ce aka ɗauke aka bar musu shi.

A 1867 aka raɗa wa wurin suna District Six. Unguwar talakawa ce ta kusa da tashar jirgin ruwa, jikokin bayin da aka 'yanta, Musulmin da ake kira Malay, baƙaƙe, Indiyawa, Yahudawan da suka yi hijira daga gabashin Turai, madinka da leburori da 'yan tireda, kowa a cakuɗe. Tun 1901 aka fara taɓa su, da annoba ta ɓarke aka kwashe baƙaƙen unguwar aka kai su Ndabeni. Babbar ta zo ran 11 ga Fabrairu 1966, gwamnatin wariyar launin fata ta ce daga yau wurin na fararen fata ne, lokacin P. W. Botha ne ministan da abin ke hannunsa, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar. Hujjar da suka kawo kuwa in kun ji sai ku ce a gidan rediyon jiharku kuka ji ta, wai unguwar ta yi cunkoso, ta zama matattarar ɓata-gari da caca da ƙazanta, gyara ba zai yi ba sai rusau. Boeta bai musa cewa gidajen sun tsufa ba, ya ce yawancinsu 'yan haya ne kuma masu gidajen ba a unguwar suke zaune ba balle su gyara, amma ya nuna min teku da hannu ɗaya ya nuna dutse da ɗayan ya ce kai ka duba wurin nan ka gaya min ƙazanta ce ta dame su.

Katafila ta yi ta aiki shekara da shekaru, zuwa 1982 an fitar da mutum sama da 60,000, an watsa su a Cape Flats, wani fili mai rairayi da iska wajen kilomita 25 daga gari, kuma ba a unguwa ɗaya aka zuba su ba, an rarraba su ne bisa launin da gwamnati ta rubuta wa kowa. Abin da ya fi ba ni haushi, wata sabuwar unguwar da aka kai su sai aka sa mata Hanover Park, sunan babban titinsu Hanover da aka rushe, kamar a yanka maka rago a miƙo maka ƙahon. Mu muna cewa zumunta a ƙafa take, to a nan na ga fassararta, matar da da in za ta unguwa sai dai ta leƙa ta ce wa maƙwabciya ga yara nan, yanzu sai ta shiga jirgin ƙasa da bas kafin ta ga maƙwabciyar. Suna da wata kalma kanala, wato don Allah ko taimaka min, Boeta ya ce da kanala unguwar take tafiya, bashin sukari, ɗaukar gawa, abincin buɗa baki da ake aikawa gida gida, to wannan a wace takardar diyya za a rubuta shi?

Kusan masallatai da coci-coci ne kawai suka tsira, ya ce mutane sun kafe a kan ƙasar masallaci wakafi ce ba mai sayar da ita. Sunan unguwar ma sai da aka goge aka koma kiranta Zonnebloem. Sai dai abin da aka rushe dominsa bai yiwu ba, mutane suka yi ta adawa a ciki da wajen ƙasar har masu kuɗi suka riƙa jin kunyar a gan su suna gini a wurin, babban abin da gwamnati ta iya dasawa shi ne kwalejin fasaha wadda yanzu ta zama jami'ar CPUT, kuma wani ɓangare na tsohon titin Hanover yana ƙarƙashin gine-ginenta. Ni da nake ratsa harabar nan kusan kullum da jaka a baya ban taɓa kawowa a raina ɗakin wani nake takawa ba.

Akwai gidan tarihi da tsofaffin mazauna suka buɗe a 1994 cikin wani tsohon coci a titin Buitenkant. Kana shiga taswirar unguwar ce shimfiɗe a ƙasa ka taka da ƙafarka, mutane sun zo sun durƙusa sun rubuta sunan gidansu da biro a daidai inda yake. Sama kuma allunan sunayen tituna ne na ƙarfe a rataye, na asali, wani shugaban leburorin rusau aka ba umarnin ya zubar a teku shi kuma ya ɓoye su a gidansa shekaru. Na daɗe a tsaye gaban allunan nan, kuma gaskiya ba Afirka ta Kudu nake tunani ba a lokacin, unguwarmu nake tunani.

Kar wani ya ce na haɗa mu da mulkin wariya, ban haɗa ba, mu ba a kore mu don launin fata ba kuma ni ba maƙiyin titi ba ne, duk wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a lungun da mota ba ta shiga ba zai zagi faɗaɗa hanya ba. Amma rusau mun san shi, Maroko ta Legas a watan Yulin 1990 kwana kaɗan aka ba su, Gbagyi kuma tun da aka ayyana Abuja a 1976 ake ta matsar da su. Ko a unguwarmu da aka zo faɗaɗa titi ina yaro, masu gida sun karɓi ɗan abin da suka karɓa, 'yan haya kuwa tabarmarsu kawai suka naɗe, mai shayin bakin kwana da majalisar dattijai ta gindin dalbejiya da tsohuwar da ke sayar da ƙosai duk a mako ɗaya suka ɓace, yau in ka tambaye ni ina suka koma wallahi sai dai in yi shiru. Bambancin da ya dame ni shi ne su a nan titinsu na dutse ne, ya ƙi mutuwa, shekara sama da 40 yana ba da shaida, suna da allo suna da taswira. Namu lungun na ƙasa ne, damina ɗaya ta isa ta shafe shi, sunansa kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba, lungun gidan wane, bayan rijiya, kwanar masu awara, duk a bakin tsofaffi yake kuma tsofaffin tafiya suke.

Kuma ko da shaidar ma ba a gama ba. An yi dokar mayar da filaye a 1994, ran 11 ga Fabrairu 2004 Mandela da kansa ya miƙa makullai ga dattijai biyu na farko da suka dawo, dukansu sun haura 80, ranar ta zo daidai da ranar da aka sake shi daga kurkuku a 1990. Sunan District Six ya dawo a hukumance a 2019. Amma gidajen da aka gina aka miƙa har yau 'yan ɗaruruwa ne, da yawa sun rasu suna jiran layi, Boeta ma takardunsa na nan cikin wata jakar leda da ya ce 'yarsa ta san inda take.

Duk 11 ga Fabrairu suna taruwa a wani tulin duwatsu da ke kan ragowar titin Hanover, kowa ya taho da dutse daga unguwar da aka jefa shi ya ɗora. Bana na bi shi, ni ban zo da komai ba na tsaya daga baya, shi kuma ya ciro nasa daga aljihun jallabiya, ɗan ƙarami kamar goro, ya ajiye ya karanta Fatiha muka shafa, sannan ya ce in zo mu nemi shayi iska ta yi yawa.

Daren ranar na kira ƙanena na ce gobe ya je wajen Inna da wayarsa ya kunna rikoda, ta lissafo masa gidajen tsohon layinmu tun daga masallaci har bakin kwata, gidan wa ke bin gidan wa, wa ke haya a ciki, ina suka koma. Ya turo min jiya, minti 47, rabi duk faɗa take masa wai ya riƙe wayar da kyau, kuma ta yi gardama a kan gida na shida ta ce sai an tambayo Hajiya Babba.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku,
daga Cape Town