Kafin ka biya kuɗin mashin, ɗora wani a baya

Ƙannena, abin da ya ci kuɗin da yawa daga cikinmu da muka riga ku shi ne sayen mashin da ido. Saurayi zai ga mai ɗagaggen baya da ƙarar salansa ya biya, sai ranar da ya goya mahaifiyarsa zuwa asibiti ko amaryarsa zuwa biki ya gane na mutum ɗaya ya saya. Mashin mai gudu ba ya wuyar samu. Wanda zai yi gudu kuma ya ɗauki goyo cikin natsuwa shi ne ke son bincike.

Fara da inji. Mai 100cc (cc ma'aunin girman inji ne) irin Bajaj Boxer na 'yan acaɓa jarumi ne wajen kaya da tsimin mai, amma giyarsa 4 ce, kuma in kun kai ku biyu a hanyar Kano zuwa Zariya, wuce tirela sai ya zama caca. A ganina 150cc zuwa 200cc shi ne daidai. Pulsar 150 yana da giya 5 da ƙarfin doki kusan 14. Pulsar NS200 yana da giya 6 da ƙarfin doki sama da 20, ruwa ke sanyaya injinsa, sai dai ƙarfin nasa yana can sama, sai ka murɗa sosai yake farkawa. Da goyo a cikin gari, wannan yana nufin yawan canza giya da wahalar da kulochi, na bayanka kuma yana ta gwara kai da hular kwanonka. Nemi injin da ke ja tun daga ƙasa.

Sirdi kuwa a nan ake yin asara. Wanda aka raba biyu, na baya ya ɗaga sama, yana tura nauyin mai goyo can sama da baya, gaban mashin ya yi sakayau, kan ya riƙa rawa a kwana. Miƙaƙƙen sirdi mai faɗi ya fi. Duba matakin ƙafar baya: in gwiwar mutum ta naɗe har ta haura ƙugunsa, kafin kilomita 30 ƙafarsa ta yi tsami. Duba akwai ƙarfen riƙewa. Duba murfin salansa, don ƙunar salansa a ƙwauri tabo take bari. Sannan murfin sarƙa, wanda samari ke cirewa wai don ado. Kada ka cire. Bakin hijabi ko zani in ya shiga sarƙa ko tayar baya, fizgo mace yake yi ƙasa nan take, don haka ka sa a tattare mayafi kafin a tashi.

Birki na gaba ya zama na faifai. In ka taka birki nauyi gaba yake komawa, kuma na gaba ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Birkin ganga yana ɗaukar zafi a gangara ya saki, nauyin mutum biyu kuma yana ƙara tsawon tazarar tsayawa.

Shokoba na baya a yawancin waɗannan mashina yana da matakai, galibi 5, da ake juyawa da sifana. Kana kai kaɗai, mataki na ƙasa ya isa. Da goyo ka ƙara biyu, kuma in shokoban guda biyu ne ka daidaita su a mataki ɗaya. Idan ba ka yi ba, baya zai zauna, fitila ta haska sama, kowane rami ya doki ƙugun na bayanka. Iskar taya ma haka: a Pulsar 150 ta baya tana tashi daga 28 zuwa 32 a ma'aunin iska na PSI in za a yi goyo, ta gaba tana nan a 25. Sa mai faci ya auna da geji tayar tana sanyi, ba ya matsa da yatsa ba. Sarƙa ta samu sassauci kamar santimita 2 zuwa 3, kuma ka sake taɓa ta bayan an hau, don nauyi yana ɗaure ta.

Ranar saye ka je da wanda nauyinsa ya kai na mutumin da za ka fi goyawa. Ku hau tudu, ku taka birki da ƙarfi, ku yi juyi a ƙaramin fili, ku bi hanya mai ramuka. Sauka ka tambaye shi inda ya ji ciwo. Daga nan ka leƙa wajen bakaniken unguwarku ka ji ko kayan gyaran wannan samfurin suna samuwa a garinku, musamman faifan birki, kulochi da sarƙa, da nawa ake sayar da su.