Zuwa ga mutanen Damagaram: tsatsa, rana da ruwa

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina gaishe ku da zafin bazara daga Faransa, inda har yanzu ba mu ajiye rigar sanyi ba.

Ƙanena da ke Birni ya tambaye ni aikin da nake yi a nan. Da na ce masa ruwa muke rabawa da hasken rana, sai ya ce: "Yaya, mu da muke jiran ɗan garuwa tun asuba, ruwan kuma za ku taɓa?" Tambayar ta zauna mini a rai, shi ya sa na ga gara in amsa wa kowa.

Ruwa haɗin iska biyu ne, haidurojin da oksijin, aikinmu kuwa shi ne mu raba su don mu samu haidurojin. Haidurojin makamashi ne wanda in ya ƙone ruwa yake komawa, babu hayaƙi, kuma da shi ake haɗa takin yuriya. Kilo 1 nasa yana fitowa daga ruwa lita 9, ko rabin jarka bai kai ba.

A 1972 wasu Japanawa biyu, Fujishima da Honda, suka nuna cewa titaniyom oksaid, farar hodar da ake sa wa fenti, yana iya raba ruwa idan haske ya buge shi. Sai dai hasken da ido ba ya gani kawai yake sha, wajen kashi 5 cikin 100 na abin da rana ke bayarwa.

Ni da hematayit nake aiki, wato dangin tsatsa, irin tamar da maƙeran zamanin da suke narkawa, wadda ke ba jar ƙasa launinta. Tana shan hasken da muke gani, ba ta da tsada, ba ta da guba. Ciwonta ɗaya ne ya fi ba mu wahala: cajin lantarkin da haske ya tayar a cikinta, wanda shi ke raba ruwan, ba ya wuce nanomita 2 zuwa 4 kafin ya mace. A kasa milimita ɗaya gida miliyan, gida ɗaya shi ne nanomita. Don haka muke tsirar da ita a kan gilashi kamar ƙananan allurai, yadda cajin zai tarar da ruwa a bakin ƙofa. Ranar da na fara ganin kumfa tana tashi daga jan gilashin nan, na daɗe a tsaye ina kallo.

Abin bai nuna ba tukuna. A 2021 ƙungiyar Farfesa Domen a Japan ta shimfiɗa faranti mai murabba'in mita 100, kashi 0.76 kacal na ƙarfin rana ya zama haidurojin. Duk wanda ya kawo muku na'urar sayarwa a Kasuwar Dole da sunan tana raba ruwa da hasken rana, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a nan fitila mai tsada muke kunnawa ta kwaikwayi rana, alhali ku rana ce ke korar ku inuwa. Yaya tamar nan za ta yi a zafin da ya haura digiri 40? Idan ƙurar hunturu ta rufe gilashin fa? Ɗaliban kimiyya na Jami'ar André Salifou sun fi mu damar amsa wannan. In Allah ya kai mu hutu, zan taho da gilasai kaɗan mu shanya su a kan soro, mu auna tare.

Ku gaida mini kowa da kowa.

Ɗanku,
daga Faransa