Ashe ba kwamfutar ce ke da laifi ba

Ina da ɗan shago a unguwar Zariya nan Maradi, inda samari ke taruwa bayan la'asar suna buga ƙwallon eFootball. Da muka shirya gasar unguwa, sai ƙanena ya ce, "Yaya, me zai hana mu riƙa watsa wasannin kai tsaye a Facebook? Ƴan uwanmu masu ci-rani a Agadas su ma su kalla." Na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Ashe Dala na ɗauko ba gammo.

Kwamfutar da nake da ita tsohuwar ta ofis ce, Dell ta hannu, mai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i5 da RAM (ma'ajiyar da take aiki da ita nan take) giga 8. Na sauke OBS Studio, manhajar kyauta da yawancin masu watsa wasa ke amfani da ita, na danna farawa. Daren farko abin kunya ne. Ɗan wasa zai ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili, hoto ya daskare, kafin ya dawo an riga an ci. Dalili kuwa, na bar OBS a kan x264, wato firosesa ce ke matse hoton bidiyo kafin a tura shi, kuma ita ɗin ce dai ke tafiyar da wasan. Jaki ɗaya, buhu biyu.

Washegari na tafi kasuwa na sayo katin hoto, wato na'urar da ake sokawa cikin kwamfuta don ta ɗauki aikin zana hoto. Da na ga sunan Nvidia a jikin kwali ban ƙara tambayar komai ba, na biya na ɗauko GT 1030. Na dawo gida ina neman NVENC a cikin OBS, sama ko ƙasa babu. NVENC wani ɗan sashe ne a cikin katin Nvidia wanda aikinsa kawai matse bidiyo, don firosesa ta huta, kuma GT 1030 ba shi da shi kwata-kwata. Na koma wajen mai kayan na ce, "Alhaji, a taimaka a canza mini." Ya ce, "Yaro, da ka faɗa mini aikin da za ka yi tun farko, da ban ba ka wannan ba." Gaskiyarsa. Na yi ciko na karɓi GTX 1650, katin da ya fito a 2019. Abin da ya sa na zaɓe shi, wat 75 kawai yake ci, kuma irin wanda na samu, daga ramin da aka soka shi yake jan wutarsa, ba ya bukatar wata waya daban. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwamfutar ofis, domin akwatin wutarsu ƙarami ne. Daga baya ma na gano cewa firosesar Intel ɗin nan tawa tana da nata mai matse bidiyo, Quick Sync, wanda da na sani da na fara gwada shi kafin in taɓa aljihu.

RAM kuwa na ƙara sanda ta biyu mai giga 8, suka zama 16. Sanda biyu masu aiki tare sun fi guda ɗaya sauri.

Wasa ya miƙe a shago, sumul. Amma masu kallo suka ci gaba da rubuto mini cewa hoto na tsinkewa. A nan na kusa sake yin wauta, har na fara tambayar kuɗin katin da ya fi wannan. Allah ya taimake ni wani ɗalibin jami'a da ke zuwa wasa ya ce, "Malam, buɗe shafin ƙididdiga na OBS mu gani." Layi uku ne a wurin da ya kamata kowane mai watsa wasa ya iya karantawa. Na farko yana ƙirga hotunan da suka ɓace saboda katin hoto ya gaji wajen zanawa. Na biyu, waɗanda aka tsallake saboda mai matse bidiyo ya kasa cim musu. Na uku, waɗanda suka zube a hanya saboda intanet. Biyun farko nawa sifili suke nunawa. Na ukun ne ke ta hawa kamar farashin gero da bazara.

Ni duk tsawon lokacin nan gudun saukewa nake dubawa in ji daɗi. Mai watsawa kuwa turawa yake yi, kuma gudun turawa a layin waya ya fi na saukewa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Nawa wajen megabit 4 yake kaiwa da rana, bayan isha'i kuma, lokacin da kowa ya hau waya, sai rezo ya yi ƙasa. Ni kuma na saita OBS a kan kilobit 6000, wato megabit 6, da hoto mai girman 1080p, don na ga haka manyan masu watsawa na Turai ke yi. Ruwan tulu nake son ɗurawa ta bakin buta.

Na sauko zuwa 720p, hoto 30 a daƙiƙa, kilobit 2500, a kan tsarin CBR mai riƙe gudu ɗaya, tazarar babban hoto, wato cikakken hoton da ake turawa lokaci-lokaci, kuma daƙiƙa 2. Na kunna zaɓin da ke rage gudun da kansa idan layi ya cushe. Raina bai so ba, sai da na tuna masu kallona duk a waya suke kallo, babu wanda zai bambance 720 da 1080 a allon da bai wuce tafin hannu ba. Ga kuma lissafin kuɗi: kilobit 6000 na cin kusan giga 2.7 a awa ɗaya, 2500 kuwa giga 1.1 da ɗan kai. Na daina amfani da wayfay, na ja waya daga na'urar intanet zuwa kwamfuta, na rataye na'urar a saman taga inda rezo ya fi kamawa. Shi kansa wasan na ƙayyade shi a hoto 60 a daƙiƙa, don katin ya samu sararin yi wa OBS aiki.

Sauran matsalolin na garinmu ne. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma kwamfuta idan ta yi zafi da yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Da na buɗe tawa, ƙurar hunturu ta toshe fankokin kamar an yi musu yaɓe. Na hure ta, na sa wa firosesa sabon man sanyaya, na ɗauke akwatin daga ƙasa na ɗora kan tebur. Na sayi batirin ajiyar wuta saboda ɗaukewar kuran, amma na manta ban haɗa na'urar intanet da shi ba. Ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe, kwamfuta na nan a kunne tana watsa wa bango.

Ranar wasan ƙarshe mun yi awa biyu da rabi, layi na ukun nan bai motsa ba sai sau ɗaya. Ana tashi kawuna ya kira daga Agadas. Na zaci hoton zai yaba. Ya ce, "Ɗana, mun gani tsaf, amma wannan fankar da ke bayanka ta hana mu jin mai sharhi." Sabon makirfo yana nan cikin jerin abin da zan saya idan an yi girbi.